Hankaki da Karan Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wasu hankaki ne suke kwana a kan wata ƙatuwar kuka a bakin dausayin Nguru. Da safe su watse, wasu kwata, wasu gonakin gyaɗa, wasu bakin ruwa inda masunta ke gyaran kifi. Da magariba su dawo su cika rassa da surutu. Mutanen gari na zaginsu da satar ƙwai da 'yan tsaki, ana yi musu kirari da mai da ɗan wani naka. Amma suna da hali guda wanda ko maƙiyinsu ya shaide su da shi: in ɗaya ya yi kukan neman agaji, ba a tambayar ɗan gidan wa ne. Duk wanda ya ji sai ya saki abin da ke bakinsa ya taso. Da haka suke korar shaho, da haka suke hana mujiya sakat in rana ta riske ta a fili, don ita ce mai zuwa cikin dare ta zare su ɗaya-ɗaya suna barci.

Ana nan, ana nan, kaka ta yi, an yanke gero, baƙin tsuntsaye suka fara sauka daga arewa kamar yadda suka saba kowace shekara. Cikinsu har da wata tsattsewa da ta ƙetaro Bahar Rum da Sahara. Ta sauka a kan kukar ta kwashi gaisuwa wurin Sarkin Hankaki.

Sarki ya ce, "Sannu da hanya, 'yar nan. Ina labarin danginmu na Turai?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, suna nan, sai dai ana kashe su da muryarsu. Maharbi kan fito tun kafin asuba ya je gonar da aka girbe, ya jera hankakin roba, kawunansu a ƙasa kamar masu kiwo, ya ɗora ɗaya a bisa kamar mai gadi. Sai ya shige wani ɗan shinge ya rufe fuska, don ya san kaifin idonku. Yana da usur na katako. Ya busa kiran ga abinci, ya busa na faɗa, ya busa na ɗan da aka kama. Wani ma har mujiyar ƙarya yake kafawa a kan sanda. Danginku su taso da fushi, bindiga ta tare su."

Sarki ya girgiza kai ya ce, "Allah ya kyauta. Wannan sai Turai."

Ashe Gizo na gindin kukar yana tsintar ganye, ba abin da ya wuce masa. Ya zubar da ganyen ya sheƙa gida yana kira, "Ƙoƙi, Ƙoƙi, ɗoya tukunya! Bana mun yabu da miyay kuka tsuya!"

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, hankaka ake ci?"

Ya ce ta bari ya dahu tukuna ta tambaye shi.

Roba dai ba shi da ita, sai ya ɗebo yumɓu a fadama ya mulmula hankaki bakwai, ya shanya. Da suka bushe ya kankaro baƙin tukunya ya dama da ƙaro ya shafe su, ya bi ƙirjin kowanne da wuyansa da farar ƙasa. Ya samo duma ya liƙe shi da gashin zabo, ya danna fasasshiyar kwalba biyu a gurbin idanu, ga mujiya. Abin da ya fi cin ransa shi ne kiran. Ya yanko gaɓar karan dawa ya rarake ta, ya tsaga mata ɗan siririn harshe. Kullum da magariba ya laɓe gindin kuka yana saurare, da dare ya dawo yana gwadawa, yana rufe bakin karan da tafi yana buɗewa. Ranar da Ƙoƙi ta fito daga ɗaki da muciya za ta kori hankaka daga shanyar gyaɗarta, ta tarar da mijinta zaune da kara a baki, ranar ya san aiki ya yi.

Ya kafa 'yar bukkar kara a gefen gona, ya shige da kwari da baka, ya busa kiran abinci. Samari uku suka hango 'yan'uwa na kiwo lafiya, suka sauko. Ba su koma ba.

Kashegari bai kai duka tukunya ba, ya bar gawa ɗaya. Ya kafa mujiyarsa a kan kututture, ya shimfiɗa gawar a ƙarƙashinta fiffike a buɗe, ya busa kukan ɗan da aka kama. Wayyo, jama'a! Hankaka ba ya iya wuce gawar ɗan'uwansa bai tsaya ba, balle ga mujiya a kanta. Kuka ta girgiza, sama ta yi baƙi. Suka riƙa kawo wa duma sura suna ihu, Gizo na sakin kibiya. Duk wanda ya faɗo sai ya ƙara wa na sama fushi, su a ganinsu mujiya ce ke kayar da su. Waɗanda suka fi zuciya, masu shiga gaba a kowace gayya, su aka fara rasawa. Raggon da ya tsaya nesa shi ya koma gida da ransa, kuma wannan shi ne abin da ya fi ciwo a lamarin.

Da dare rassa suka yi gibi. Sarki ya tara jama'a ya ce, "Daga yau ko kukan uwarka ka ji, kada ka tashi. Wanda ya amsa kira na kore shi daga kukar nan."

Ba wanda ya musa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Gizo ya yi ta busa har kumatu suka yi masa tsami, ko inuwar hankaka bai gani ba. Fadawa suka ce dabarar Sarki ta ci.

Akwai wata tsohuwa a cikinsu, Iya ake ce mata, da jikanta guda da ya rage mata, Auta, bai daɗe da koyon tashi ba. Wata rana da hantsi ya sauka bakin ruwa tsintar ƙayar kifi, shaho ya faɗo masa. Auta ya yi kuka. Ya sake yi. Kukan ya iso kan kuka sarai, kowa ya ji, kowa ya sunkuyar da kai yana gyaran gashinsa. Iya ta ce, "Muryar Auta ce! Wallahi muryar Auta ce!" Dogarai suka tare ta suka ce Gizo ne. Kafin ta ƙwace ta isa, sai gashi a warwatse kan yashi. Shahon da hankaki biyar ke kora, ya ci ɗa a kunnen ɗari.

Iya ba ta koma kan kuka ba. Ta nausa daji har ta iske Burtu yana takawa cikin ciyawa yana tsintar fara.

Ta ce, "Baba Burtu, kai ne ka daɗe da sanin wannan masifa. An amsa kira an mutu, an ƙi amsawa an mutu. Ina mafita?"

Burtu ya ce, "Iya, kan kakana yana ɗaure a goshin wani maharbi yanzu haka. Yakan yafa baƙin zane ya yi rarrafe, yana kaɗa kan sama da ƙasa kamar ni ne nake kiwo. Namun dawa sun saba da ni, ba sa guduna. Barewar da ta tsaya kallon kan, ta sha kibiya. Wadda ta dubi abin da ke biye da kan, ta ga gwiwar mutum. Barewa ba ta daina kiwo kusa da ni ba, dubawa ta koya. Ku da Allah ya ba fiffike, me ya hana ku duba ta sama?"

Iya ta dawo ta faɗi gaban Sarki. Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, dokarka ta cinye mini jika. Ban zo ƙara ba, na zo roƙo. A bar mu mu tashi in an kira, amma mu hau inda kibiya ba ta kai, a tura biyu su kewaya. Kuma kafin kowa ya sauka a tambaya: wa ke kukan? Duk mai kuka yana da suna, yana da reshen da yake kwana."

Sarki ya yi shiru har aka zaci ba zai amsa ba. Can ya ce, "Iya, ki yafe mini Auta. A yi yadda kika ce."

Da gari ya waye kira ya taso daga gona, mai ban tausayi fiye da na kullum. Suka tashi gaba ɗaya suka yi sama. Aka ƙirga, kowa na nan, ba wanda ya ɓace. Iya da wani saurayi suka sauko kaɗan suna shawagi. Iska na kaɗawa, amma gashin masu kiwon nan bakwai ko motsi. Mujiya zaune tsakar rana a fili, ba ta juya wuya, ba ta ƙifta ido. Raɓa ta wanke ƙirjin ɗaya, jan yumɓu ya leƙo. Ta saman bukka kuwa, inda Gizo bai rufe ba, ga ƙafafu sirara, ga kara a baki.

Iya ta yi kira, na gaske wannan karon. Suka bar duma suka auka wa bukka ta baya, suka yaye karan, suka rufe Gizo da sara. Ya yar da baka ya arce yana ihu, "Ƙoƙi, buɗe ƙofa! Sun gane ni!"

Sun kuwa gane shi, don hankaka ba ya mance fuskar wanda ya cuce shi. Ya je rijiya suna bisa kansa, ya je kasuwa suna bisa kansa. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe bayan abin ma iyaye suka nuna musu shi. Da ya rasa inda zai sa kansa sai ya haye kusurwar ɗaki ya saƙa gida, can yake har yau.

Karan kiran kuwa bai ƙone ba. Ƙoƙi ta kai shi kasuwa ta sayar wa Dila a kan mudun gero, shi kuma ya rataya shi a wuya ya kama hanyar Gashuwa, inda hankaki ba su ji labari ba tukuna.

Ƙurunƙus kan kusu.