Mu da Dogon Gilashi a Garwa

Mu mutanen Garwa, in za mu shiga sana'a, kayan aiki muke fara saya, koyon kuma sai abin da hali ya yi. Yaro bai iya sa zare a allura ba, amma ya san sunan keken ɗinkin da ya fi kowanne tsada. Wani bai iya shan kwana da babur ba, ya riga ya ɗaura masa fitila mai launi uku. To yanzu ciwon ya koma kan masu hoto. Daga Hausare zuwa Fulɓere, daga Yelwa zuwa Lopere, da wuya ka zauna a majalisa ba ka iske saurayin da ya sayi kamara shekaranjiya ba, kuma barci ya ƙaurace masa saboda gilashin da ke bakinta gajere ne. Dogo yake so, farin nan mai kama da taɓarya, wanda in ya rataya shi a kafaɗa ya shiga gidan biki, har makaɗa sai sun waiwayo.

Ni dai a ganina ƙwallo ce ta jawo mana. A watan Janairun 2022, da aka kawo gasar cin kofin Afirka Kamaru, filin Rumde Ajiya ya sauki Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau. Ranar 11 ga wata Iheanacho ya jefa wa Masar ƙwallo ɗaya tak, mutanen Yola da Mubi suka hana gari barci, kafin Tunisiya ta zo ta sallami Najeriya a wannan filin dai. Kowa na kallon Salah, amma yaranmu masu sha'awar hoto idonsu na bayan raga, inda 'yan jaridar duniya suka jeru a kan 'yan kujeru, kowanne da taɓaryarsa a tokare da sanda. Tun daga ranar suka yanke hukunci cewa sirrin yana cikin tsawo.

Rannan a teburin mai shayi na ji wani ɗan unguwarmu yana yi wa kawunsa famfo. Kawun nan tsohon mai hoto ne, tun zamanin da ake shiga ɗaki mai duhu a wanke fim, ya ci abinci shekara da shekaru da hoton katin shaida, ɗan ƙaramin nan 4 x 4 da ba a karɓar takarda a ofis sai da shi.

"Kawu, wallahi abin da ya rage mini ke nan. In na samu 70-200 ɗin nan, an gama magana a garin nan."

"Nawa ne?"

Yaro ya sunkuyar da kai ya faɗi kuɗi. Mai shayi ya tsaya da sheƙar shayinsa.

"Ɗan nan, biki nawa ka ɗauka da wanda ke hannunka?"

"Ai Kawu shi ne yake ba ni kunya."

"Na ce biki nawa?"

"Biyu. Da suna ɗaya."

Kawu ya kurɓi shayi, ya ce masa to ya je ya kawo hotunan sunan su gani tukun. Har yau hotuna ba su iso teburin ba, amma na ji an ce maganar ta koma wurin Inna, ana lissafin yaushe ne ɗaukarta a adashi.

Bari mu yi lissafin da yaron bai so yi a gaban mutane ba. Gilashin Canon 70-200 mai f/2.8, fitowa ta uku, da ya shiga kasuwa a 2018 kuɗinsa ya ɗan haura dala 2,000. Wato ya wuce sefa miliyan 1 tun bai hau jirgi ba, tun duwan ba su gan shi ba, tun ɗan kasuwar Duwala bai ɗora ribarsa ba. Nauyinsa kusan kilo ɗaya da rabi. Ɗan ƙaninsa kuwa, 50 mai f/1.8, wanda yaranmu ke rainawa don roba ne kuma yana shiga aljihun riga, dala 125 aka sa masa a 2015, nauyinsa giram 160. Abin dariyar yana cikin lambar nan ta f. Ita ce ke nuna faɗin ƙofar da haske ke bi ya shiga kamara, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon faɗin ƙofar. Ka ga ke nan ɗan robar nan mai 1.8 ya fi taɓarya mai 2.8 shan haske fiye da ninki 2. In kuma ka gwada shi da gilashin da ke zuwa tare da kamara, 18-55, wanda ƙofarsa ke tsukewa zuwa 5.6 in ka jawo abu kusa, to ya ninka shi kusan sau 10. Mu kuwa rabin hidimominmu bayan magariba ake yin su, a tsakar gida, ƙarƙashin ƙwan lantarki guda, in ma wutar ba ta ɗauke ba.

Na taɓa ganin abin da idona a wani kamu. Saurayi ya zo da taɓarya ta aro, ya sha shadda, ya sa gilashin ido duk da rana ta faɗi. Aka ce ya shiga ɗakin amarya. Ku kun san ɗakin amaryarmu: gado ya cinye rabi, kabet ɗin kwanuka ya cinye rabin abin da ya rage, akwatuna a jere har rufi, ƙawaye goma sha sun cunkushe a sauran. Ya ɗaga kamara, bai ga komai a ciki ba sai hancin amarya da ɗan kunne guda. Ya ja baya, ya ja baya, har dugadugansa suka taɓa tiren kofuna. Gilashin nan ba ya ma iya saita abin da bai kai nisan mita ɗaya da 'yan kai ba. Ƙarshe a bakin ƙofa ya tsaya, labule a kansa, yana ce wa ƙawaye su matsa su matsa, su kuma ba wurin matsawa. Goggon amarya ta gaji ta ce, "Kai ɗan nan, in ba ka iya ba ka ba wa yarinyar can da Tecno ta ɗauke mu." Hoton da ya zaga dangi washegari, na Tecno ne.

Da gajeren gilashin da ya baro a gida don kunya ya zo da shi, da ya juya shi zuwa 18 ya kwashe ɗakin duka har da kwanukan, waɗanda dama su uwar amarya ta fi so a gani. Kuma yawancin kamarorin da masu koyo ke saya ƙananan ciki ne, suna ƙara matse hoto, ta yadda 70 ɗin taɓarya a kan ƙaramar Canon yake komawa kamar 112. Ko 50 ɗin da nake yabo, a cikin ɗaki matsewa yake yi. Wurinsa tsakar gida, amarya ita kaɗai, lalle a hannu, baya ya dushe. Wannan dushewar bayan ita ce ke rikita samarinmu, har su buɗe ƙofar gilashi duka a hoton taro. Sai ka ga ƙawar da ke gaba ta fito tar, ta bayanta dishi-dishi, ta uku kuwa sai an yi mata rantsuwa ita ce. Hoton mutum goma sai an tsuke ƙofa zuwa 5.6 ko 8, kuma a nan mai tsada da mai araha kusan kafaɗa ɗaya suke tafiya.

Kar a ce na yi wa taɓarya rashin adalci. Tana da ranarta. In Coton Sport na wasa kana bakin fili, ba abin da zai kawo maka fuskar mai tsaron gida sai dogon gilashi. Ranar hawan Sallah, lokacin da mahaya suka sako dawakai a guje za su yi gaisuwa a ƙofar fadar Lamiɗo, wanda ya ce da 50 zai tsaya a gabansu, to a tanadar masa mai ɗori. Haka faretin 20 ga Mayu. Haka wanda ke raka baƙi gandun dajin Binuwai ko Buba Njida, don dorina da giwa ba a ce musu su matso su gyara tsayuwa. Har farin fentin ma ba ado ba ne, an yi shi ne don rage wa gilashi zafin rana, kuma in akwai garin da ya san zafin rana, to Garwa ce a watan Maris da Afrilu. Amma Sallah sau biyu ce a shekara, faretin kuma sau ɗaya. Abin da za ka buƙata kwana uku, aronsa ake yi ko haya, ko ka bi babban mai hoto kana riƙe masa jaka har ya yarda ya miƙo maka.

Sannan ga ƙura. Daga hunturu ya shigo, hazo ya rufe gadar Binuwai, duk gilashin da aka kwance a fili aka ɗaura wani, sai ya sha rabonsa, kamarar ma ta sha. Mai koyo kuwa hannunsa ba ya zama, yanzu ya cire wannan, an jima ya mayar da wancan, yana gogewa da gefen riga. Ga babur, ga ramuka, ga jaka tana dukan baya. In ɗan roba ya faɗi ya fashe, ka yi salati ka sayi wani. In taɓarya ce ta faɗi, sai an naɗe ta an tura kudu, mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa zuwa Yawunde, kai kuma ka zauna kana ba masu biki haƙuri, Inna na ba 'yan adashi haƙuri.

Masu cewa za su sayi na gwanjo, ban hana ba, amma a haska shi da tocilan ta gaba da ta baya a cikin duhu. In an ga wani abu fari ya yi rassa a ciki, fumfuna ce, a ajiye wa mai shi kayansa. A kuma tabbata bakinsa zai hau kamarar, don na Nikon ba ya hawa Canon, kuma tun 2018 kamfanonin biyu suka fito da sababbin kamarori masu wani baki daban, waɗanda tsohon gilashi ba ya hawansu sai da mahaɗi.

Manyan da duniya ke tsayawa kallon hotunansu, ba daga kanti suka fara ba. Seydou Keïta na Bamako da 'yar Kodak Brownie ya fara, wadda kawunsa ya ba shi a 1935. Da ya buɗe wurinsa a 1948, a tsakar gida yake zaunar da mutane, hasken Allah ne fitilarsa, shimfiɗar gadonsa ce labulen baya na farko. Malick Sidibé gidajen rawa ya riƙa bi da dare da filashi, har a 2007 aka ba shi babbar lambar girma ta Zakin Zinariya a Benis. Ga namu na gida, Samuel Fosso, haifaffen Kumba, wanda ya buɗe shagon hoto a Bangi yana ɗan shekara 13, kuma hotunan da suka fitar da sunansa da ragowar fim ɗin da masu ciniki suka bari ya ɗauke su. Abin da suka haɗu a kai shi ne sanin inda za a tsayar da mutum, da yadda za a sa shi ya saki jiki.

Wannan kuwa shi ne abin da ke ba mu wuya a nan. Ɗaurin aure da rana tsaka, ango cikin farar babbar riga, fatarsa baƙa, hula ta jefa masa inuwa a ido. Kamara ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske, riga ta fito, fuska ta ɓace. Babu gilashin da ke gyara wannan. Maganinsa ka ja ango gindin dalbejiya, ko ka jira bayan la'asar, ko ka sa yaro ya riƙe farin kwali ya mayar masa da haske a fuska. Kyauta ne, shi ya sa ba wanda ke son jin sa.

Amma fa laifin ba na yaran kaɗai ba ne, mu ma masu biki muna da kamasho. Mai hoto ya zo da 'yar ƙaramar jaka, sai Hajiya ta kalle shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ne mai hoton? Ina kayan aikin?" Ya zo da taɓarya da jaka biyu da yaro mai riƙe ƙafa uku, ko ciniki ba ma yi. Mu muka koya musu cewa girman kaya ne ke yanka farashi. Alhali in hotuna suka zo, ku saurari ƙorafinmu: ka sa na yi baƙi, ka yanke mini takalmi, ina hoton Baffa da ya taso tun daga Rai Buba, me ya sa idona a rufe, yaron da aka yi wa suna har ya fara rarrafe hotuna ba su zo ba. A cikin waɗannan wanne ne sefa miliyan 1 za ta gyara? Kuma duk wahalar nan, a WhatsApp za mu tura wa juna su, shi kuma ya matse su ya rage musu nauyi, mu kalle su a waya mai fasasshen gilashi mu ce ma sha Allahu.

Don haka Alhaji, Hajiya, in naku ya zo da maganar dogon gilashi, kar a sayar da bijimi, kar a taɓa adashi. A bar masa 18-55 ɗinsa, a ƙara masa ɗan 50, da filashi mai juya kai sama, da batir na biyu, da katin memori biyu, da jaka mai rufewa da kyau saboda ƙura. Ya je ya yi shekara yana ɗaukar suna da kamu da walimar saukar Alƙur'ani, yana kai wa mutane hotunansu a kan lokaci. In bayan nan har yanzu taɓaryar yake so, ya saye ta da kuɗin da hoto ya ba shi.