Dokina Ya Fito Bunsuru

A watan Afrilun 2024 Tunde Onakoya ya shafe awa 60 yana buga ces, darar nan ta Turawa, a dandalin Times Square na birnin New York, duniya na ta tafa masa. Ni kuma ina Yankwashi riƙe da waya, sai zuciya ta raya mini cewa 'ya'yan wasan kawai yaranmu suka rasa, da tuni sun kamo shi. Guda 32 ne, farare 16, baƙaƙe 16. In saya, ina ɗan ƙasar da ake sassaƙa turmi da akushi? Allah ya sawwaƙe. Na ce da hannuna zan yi su, ni da ko fensir na feƙe sai bakinsa ya karye.

Na je aron gizago wurin wani tsohon masassaƙi a hanyar Karkarna. Ya dubi tafin hannuna, hannun alli, ya ce, "Malam, wane ice za ka sara?" Na ce ƙirya, don na ji ana yabonta. Ya ce, "Ƙirya ta turmi ce da gawayin maƙera. Nemi aduwa, da ita ake allo, ko ka lallaɓa darbejiya." Na yi masa godiya irin ta 'yan boko, na fita na sayo ƙirya.

Saran farko gizago ya yi tsalle ya dawo, saura ƙiris ya gaisa da ƙwaurina, icen kuwa ko gezau. Don haushi na koma reshen kuka. Nan wuƙa ta riƙa shigewa kamar a dafaffen rogo, har na fara tunanin buɗe shago a Kazaure. Da ya bushe sai ya tsotse, sarki ya ranƙwafa tun bai hau gado ba. A ɓoye na sari ɗanyar darbejiya, hunturu ya zo ya tsaga rabin dakaruna daga ka har gindi.

Doki ne ya ƙure ni. Tun 1849 da aka fito da samfurin Staunton a Ingila, sauran 'ya'yan a injin juyi ake fitar da su, amma kan doki na kirki sai gwani ya zauna da wuƙa. Na zauna nima. Kunne ya zarce, haɓa ta yi tsini. Uwargida ta leƙo da tsintsiya, ta ce, "Malam, wannan bunsurun na layya ne ko na suna?" Sarauniya kuma ta fito ba wuya ba ƙugu, sai na tuna Larabawa waziri suke ajiyewa a gurbinta, nan take na naɗa ta waziri. Wajen baƙanta rabi na kwaikwayi masu akushi, na gasa ƙarfe na goga. Waziri ya kama da wuta. Sauran da man goge takalmi na rufa musu asiri.

Ranar nuni na kai su gindin tsamiya inda dattawa ke darar gida: gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya. Na fara bayani cewa doki taku biyu yake yi gaba, sannan ɗaya gefe. Wani dattijo ya juya nawa a hannu, ya ce, "Ashe karkatacce ne tun asali. To yaro, ka yi daidai." Suka ware baƙaƙe 12 da farare 12, ba ruwansu da wane ne sarki wane ne dogari, suka dasa a yashi. Ƙorafinsu ɗaya, gindin ya yi faɗi, in koma in feƙe musu. Da na dawo gida neman farin sarki, wai yana madafa, da shi ake dandaƙa tafarnuwa.