Donot Mai Falle-falle: Ƙa'idojin Wahalar da Kai Cikin Kwana Uku

Donot mai falle-falle wani nau'in soyayyen kwaɓi ne da ya gaji siffarsa daga donot, wato zagayayyen abin suyar nan mai huda a tsakiya, ya kuma gaji cikinsa daga kuruwasan, burodin Faransawa mai siffar jinjirin wata wanda ba a taɓa cinsa a ɓoye ba, domin ɓurɓushinsa yakan tsaya a gaban riga ya ba da shaida. Mutumin da ya ɗaura wannan aure shi ne Dominique Ansel, Bafaranshe mai sana'ar kayan zaƙi a unguwar SoHo ta birnin New York, wanda ya fito da abin a watan Mayu na 2013, ya raɗa masa suna Cronut, ya kuma yi wa sunan rajista don kada kowane mai kasko ya ara. A wancan lokacin, tun kafin gari ya waye jama'a kan ja layi a ƙofar kantinsa don abin dala 5, har aka samu 'yan bumburutu masu saye su sayar da tsada, kuma mujallar Time ta sanya shi cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙire 25 na waccan shekara. Kuruwasan kansa ɗan ci-rani ne a Faransa, domin kakansa burodin Ostiriya ne, kuma wani tsohon hafsan soja mai suna August Zang ne ya buɗe gidan burodi irin na Vienna a Paris wajen 1839, daga baya Faransawa suka ƙara masa bota da wahala har ya zama nasu. Mutanen Yamai sun san shi a gidajen burodinsu tun da daɗewa, saboda haka su kaɗai ne ba sa buƙatar dogon bayani.

Abin da ya kamata mai niyyar wannan aiki ya fahimta tun kafin ya taɓa fulawa shi ne cewa suyar ba ta kai minti 4 ba, amma shirinta yakan ci kwana 3, kuma dukkan kwanakin nan ana kashe su ne wajen kare bota daga zafi, don kawai a ƙarshe a jefa ta cikin tafasasshen mai. Hikimar tana cikin abin da ake kira ninki, wato a kulle dunƙulen bota mai sanyi a cikin kwaɓi, a murza, a ninke, a sake murzawa, har a samu siraran fallayen kwaɓi da siraran fallayen bota suna bin juna bi da bi. Bota tana ɗauke da ruwa kimanin kashi 16 cikin 100, kuma idan zafi ya same ta ruwan nan yakan zama tururi, tururin ya ɗaga fallen kwaɓin da ke samansa, kitsen kuma ya hana fallayen sake mannewa. Zaman kwaɓi da bota zaman kishiyoyi ne na gidan da ke da tsari, gida ɗaya amma kowace da ɗakinta, kuma ranar da suka cakuɗe ranar ce aikin ya lalace.

Daga nan ne maganar yanayi take shigowa, domin bota takan fara narkewa tun zafi bai wuce digiri 32 zuwa 35 na ma'aunin Selsiyus ba, alhali a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, a watan Afrilu, inuwa kanta takan kai digiri 40. Wanda ya ɗauki wannan aiki a bazara ya haɗa kansa da abokin gaba wanda ba ya barci, kuma abin da ya fi masa shi ne ya jira hunturu, tsakanin Disamba da Janairu, ya yi murzarsa bayan sallar asuba, lokacin da sanyi ya hana yara fitowa su yi tambayoyi. Firiji wajibi ne, wutar da za ta riƙe shi kwana 3 a jere kuwa lamari ne da ya fi ƙarfin littafin girki, don haka masu hangen nesa sukan tanadi ƙanƙara a cikin kula, ko su gyara dangantakarsu da maƙwabci mai sola tun makonni kafin ranar, da yake ba a fafe gora ranar tafiya.

Kayan haɗin ba su da wani abin mamaki. Ana buƙatar fulawa giram 500, sukari giram 60, gishiri giram 10, busasshen yis giram 8, madara mai sanyi mililita 230, ƙwai 1, da bota giram 50 da za a cuɗa cikin kwaɓin, sannan a ware wata botar giram 250 don ninki. Yis wata ƙaramar halitta ce mai rai da ke cin sukari tana fitar da iska, iskar ce ke kumbura kwaɓi, kuma ita ce kaɗai ma'aikaciya a wannan aiki da ba ta ƙorafi. A kan botar ninki ne ake yawan yin tuntuɓe. Abin da ake nema shi ne bota ta ƙulli mai tauri, wadda kitsenta ya kai kashi 82 cikin 100, irin wadda Turawan Faransa ke amfani da ita. Lallausan majarin na roba da ake shafa wa burodi da safe an yi shi ne don ya yi laushi, laushin nan kuwa shi ne laifinsa a nan. Man shanun da ake saye wurin masu tallar nono yana da daraja a kan tuwo da miyar kuka, amma yawan ruwansa yakan bambanta daga ƙwarya zuwa ƙwarya, idan kuma soyayye ne to ruwan da zai zama tururi ya riga ya tafi, saboda haka a bar shi a inda martabarsa take. Farashin bota giram 300 shi ne jarrabawar farko, kuma da yawa daga masu niyya a gaban kanta suke gano cewa ashe fanke ma abinci ne mai albarka.

A rana ta farko ana haɗa kayan kwaɓin a cuɗa su na minti 4 ko 5 kawai, har su haɗe su yi santsi. Akwai dalilin wannan rowar cuɗa: a cikin fulawar alkama akwai wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutin, wanda yawan cuɗa ke ƙarfafa shi, kuma kwaɓin da gulutinsa ya yi ƙarfi yakan koma inda ya fito duk lokacin da aka murza shi, har mai murzawa ya fara zargin cewa da gangan yake yi. Ana baje kwaɓin ya yi kusurwa huɗu, a naɗe shi da leda, a sa a firiji ya kwana. Ita ma botar ninki ana sa ta tsakanin takardun gashi biyu, a bubbuga ta da sandar murza kwaɓi, ko da kwalba mai kauri ga wanda ba shi da sandar, har ta zama murabba'i mai faɗin santimita 17 ko kusa da haka. Wannan bugu halal ne, kuma shi ne kaɗai lokacin da aikin yake ba mutum damar huce haushi.

Rana ta biyu ita ce ranar hisabi. Sharaɗin farko shi ne taurin kwaɓi da na bota su zo ɗaya, wato botar ta yi sanyi amma ta lanƙwasu ba tare da ta karye ba, abin da kan samu a wajen digiri 13 zuwa 16. Idan ta fi haka sanyi sai ta farfashe a cikin kwaɓin ta zama tsibirai, wani wuri kitse wani wuri fayau, idan kuma ta fi haka ɗumi sai ta tsattsafo ta gefe ta bi tebur. Ana murza kwaɓin ya zama murabba'i na santimita 25, a ɗora botar a tsakiyarsa a karkace yadda kusurwoyinta za su fuskanci gefunansa, a jawo kusurwoyin kwaɓin huɗu su haɗu a sama, a manne bakin da kyau. Daga nan sai a murza shi a tsawo, daga tsakiya zuwa gaba, daga tsakiya zuwa baya, da hannu mai sauƙi, har ya kai kimanin santimita 55, sannan a ninka kashi ɗaya cikin uku zuwa tsakiya, a rufa ɗaya ɓangaren a kai. Masu sana'ar suna kiran wannan ninkin wasiƙa. Ana kakkaɓe fulawar da ta maƙale kafin a ninke, a mayar da kwaɓin firiji ya huta minti 45, a fito da shi a juya shi yadda buɗaɗɗen bakinsa zai kalli mai murzawa, a maimaita.

Lissafin abin yana da daɗi ga mai son lissafi. Ninki na farko yakan mayar da fallen bota 1 zuwa 3, na biyu ya kai su 9, na uku ya kai su 27, kuma a nan ne mai hankali yake ajiye sanda. Akwai wani nau'in mutum, wanda ake samu a kowane gida, da zai ce tun da 27 sun yi kyau to 81 za su fi, sai ya ƙara ninki na huɗu, fallayen su yi sirantar da ba za su iya riƙe kansu ba, su narke cikin juna, ya wayi gari da burodi mai maiƙo bayan wahalar kwana biyu. Hutun da ke tsakanin ninki da ninki shi ma ba ado ba ne, domin a cikinsa ne botar ke sake daskarewa, gulutin kuma ya saki jiki, kuma wanda ya tsallake shi don sauri zai ga yadda sauri ke haifar nawa. Idan bota ta leƙo ta wata 'yar huda ana cikin murzawa, sai a barbaɗa mata fulawa, a mayar da komai firiji, a fita tsakar gida a sha iska, kada a tsaya jayayya da ita. Bayan ninki na uku kwaɓin yakan sake kwana a firiji, a kuma sanar da mutanen gida a fili cewa abin da ke cikin ledar nan ba ragowar tuwo ba ne, ba a kuma ɗora masa tukunyar miya.

A rana ta uku ana murza kwaɓin ya yi kaurin santimita 1 da rabi, a yanka shi da zagayayyen abin yanka mai faɗin santimita 8 ko 9, a huda tsakiya da ƙarami mai santimita 2 da rabi. Bakin gwangwanin madara da aka wanke yana iya aikin babban, matuƙar yana da kaifi, murfin kwalba kuma ya yi na ƙaramin. Ana dannawa ne kai tsaye a ɗaga kai tsaye, ba a murɗawa, domin murɗawa takan liƙe bakin fallayen su kasa buɗewa a cikin mai. Wannan adadin kwaɓi yakan ba da guda 10 zuwa 12, kuma yana da kyau mai girki ya ƙidaya su tun yanzu, ya kuma ƙidaya mutanen da suka fara zarya a ƙofar kicin, don ya san girman matsalar da ke gabansa. Ana jera su a faranti, a rufe, a bar su su tashi na awa 1 da rabi zuwa 2 a wurin da zafinsa bai wuce digiri 26 ba. Al'adar kai kwaɓi rana don ya tashi da wuri, wadda ke yi wa fanke da funkaso amfani, a nan kisan kai ce.

Ansel yana suyarsa da man 'ya'yan inabi, amma man gyaɗa mai kyau wanda ba a taɓa soya kifi da shi ba ya wadatar, a zuba shi a tukunya mai zurfi ya kai santimita 6 ko 7, a kai shi digiri 175. Wanda ba shi da ma'aunin zafi sai ya jefa ɗan guntun kwaɓi: idan ya nutse ya zauna shiru man bai yi ba, idan ya yi baƙi nan take man ya wuce, idan kuwa ya taso cikin 'yan daƙiƙu yana kumfa a hankali to an dace. Man da bai yi zafi ba yakan ba bota damar narkewa ta gudu kafin kwaɓin ya kama jikinsa, sai donot ya sha mai ya yi nauyi, wanda ya yi zafi da yawa kuma yakan ƙona baya ya bar ciki ɗanye, a riƙa yi wa rogo kallon kitse har sai an gutsura. Ana sa 2 ko 3 a lokaci guda, a ba kowane gefe kimanin minti 1 da rabi, a tsame da matsami, a ɗora a kan raga su tsane. Tsoma su ake yi a hankali daga gefen tukunya, kuma yara su tsaya nesa, wannan kam ba raha a ciki.

Tun da sauran ɗuminsu ake birgima gefensu cikin sukari, wanda za a iya gauraya shi da garin kirfa. Masu bin sunnar Ansel sukan jira su huce, su ɗura musu kirim ta ƙananan huda, su kuma shafa wa samansu narkakken sukari mai kauri, ko da yake mutumin da ya kai rana ta uku da ransa yana da uzurin tsayawa a kan sukari kaɗai. Ba a sa soyayyen a firiji, domin danshi yakan kashe ƙarmas-ƙarmas ɗinsa, kuma ba ya kwana da daɗinsa, saboda haka a ci shi a ranar. Kafin a kai wa kowa, ya kamata a yanka guda ɗaya da wuƙa mai haƙora a keɓe, a duba cikinsa. Idan an ga fallaye sun jeru hawa-hawa da 'yan ramuka a tsakaninsu, sai a kira maƙwabcin mai sola a ba shi 2, a yi wa baƙi bayanin New York da 2013 daki-daki ko ba su tambaya ba. Idan kuwa cikin ya fito cunkus babu falle ko ɗaya, babu dokar da ta tilasta wa mai girki faɗin abin da ya yi niyya tun farko, sai ya jera su a faranti mai kyau ya ce sabon salon fanke ne, kuma ba za a rasa wanda zai nemi ƙari ba.

Saura 'yan dunƙulen da aka cire daga tsakiya da yankakkun gefe. Ba a sake cuɗa su, domin cuɗa takan rusa tsarin fallayen, sai dai a soya su yadda suke a ƙarshe, minti 1 ya ishe su, kuma bisa ƙa'idar da babu malamin girkin da ya taɓa musantawa, rabon mai suya ne, yana cin su a tsaye a gaban murhu kafin ya sanar da gida cewa an gama.