Da wane mudu muke awo a Bagwai?

Mu nan Bagwai, in aka ce gwamnati ta yi aiki, ba ma tambayar miliyan nawa ya ci. Tambayarmu ita ce, wace wahala ya sauke mana?

Rijiyar burtsatse dai matan gida ne da lissafinta. Za ka ji wata na cewa, "Wallahi Yaya, tun da aka gyara famfon nan yarinyata ta daina makara a makaranta." Wata kuma kuɗin da take ba mai garuwa ne ya koma cefane. Asibitin unguwa kuwa, darajarsa kuɗin acaɓa ce zuwa Bichi, da wuni guda da magidanci zai bar gona ana tsakiyar noma. In mai naƙuda ta je da dare ta tarar da ungozoma, aiki ya yi. In gini ne da fenti, ba magani ba ma'aikaci, ba ma sa shi a lissafi.

Dam ɗin Watari da buhu muke auna shi. Saurayin da a da yake ɗaure kaya ya tafi cin rani da zarar an gama girbi, yanzu yana nan yana dashen shinkafa, ko tumatir da albasa. Alhamdu lillahi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ku tsaya, ruwan ɗaya ne, rabon ne ba ɗaya ba. Mai gona a bakin magudana yana sha a sauƙaƙe. Na can ƙarshe sai ya sayi fetur ya ta da inji, ribar ta tafi a hayaƙi. Wanda ba shi da fili kuma, nasa ladan ƙwadago ne kawai. A takarda duk "manoma sun amfana" za a rubuta, alhali mu mun san gidan da ya kai wata damina da hatsi a rumbu, mun san wanda ya ci bashi.

Ruwan nan kuma ya raba mu da 'yan uwanmu na hayi. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife da mutanen Badau da ke hayin, akasari 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla 29. Allah Ya jiƙan su. Wa zai yi wa hanyar da za ta haɗa mu da su kuɗi bayan wannan?

Don haka duk mai zuwa da takarda da biro don ƙidayar amfanin ayyuka, ya fara tsallakawa Badau, ya tambayi nawa ne kuɗin zagaye ta ƙasa, kuma awa nawa mara lafiya ke yi kafin ya ga likita.