Wace Sindirela Aka Ɓata Muku?

Jama'a, ku sassauta murya, kowa zai samu magana. Ƙorafinku a kan littafin Cinder na Marissa Meyer, wanda ya fito a Amurka a 2012, ya iso kunnena. Wai an ɗauki Sindirela, baiwar Allah mai shara da wanke-wanke, an mayar da ita bakanikiya a kasuwar wani birni mai suna Sabon Bejin, hannu ɗaya ƙarfe, ƙafa ɗaya ƙarfe. Wai babu kabewa sai wata tsohuwar akwalar mota. Wai a matakalar fada ba takalmi ta yar ba, ƙafar ce ɗungurungum ta cire. Wata Hajiya har da rantsuwa, an ci amanar tatsuniyar asali.

Hajiya, Allah ya ja zamaninki, wacce ce ta asalin?

In ta katun ɗin Disney kike nufi, ai wannan jaririya ce, haihuwar 1950. Kabewar da kuke zaman makokinta, da takalmin gilashi, da aljanar nan mai sandar dabo, duk Charles Perrault ne ya zuba su a Faransa a 1697. Kafin shi, a 1634, an buga ta Giambattista Basile a Napoli, kuma yarinyar ciki, Zezolla, da hannunta ta sakar wa kishiyar uwarta murfin akwati a wuya, sai lahira. Ga salihar taku nan.

Malam na can baya, na ga ka ɗaga hannu, za ka ce ta 'yan'uwa Grimm. To, bismillah. A tasu ta Jamus, ta 1812, babu kabewa, babu aljana, bishiya ce a kan kabarin uwar yarinyar ke ba ta tufafi. Da aka zo gwajin takalmi, agololin gidan wuƙa suka ɗauka: wannan ta datse yatsa, waccan ta fere diddige, har sai da tattabaru suka nuna wa yarima jinin. A bugun 1819 aka ƙara yaji, tattabarun suka ƙwaƙule musu idanu ranar biki. Malam, ka karanta wannan ka yi barcinka lafiya lau, sai ƙafar da aka kwance da sukudireba ce za ta tayar maka da hankali?

Masu cewa me ya kai ta ƙasar Sin kuwa, ku yi haƙuri, gida aka mayar da ita. Tun ƙarni na 9 Duan Chengshi ya rubuta labarin Ye Xian a can, marainiya mai takalmin zinariya, wadda ƙasusuwan kifinta ke biya mata buƙata. Turawa baƙi ne a wannan zance, sun dai fi mu yawan injin buga littafi.

Mu ma fa muna da tamu, kada a yi mana kallon 'yan kallo. A cikin Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa da Frank Edgar ya tattara, aka buga tsakanin 1911 da 1913, akwai 'yar bora da uwarta ta rasu, ake ba ta ƙanzo tana zuba wa kwaɗi a kududdufi. Ranar biki wani tsohon kwaɗo ya haɗiye ta ya amayo ta tsaf, ya amayo mata kaya da takalma, ƙafa ɗaya azurfa, ɗaya zinariya. Ɗan sarki ya bi sawun na zinariyar. Hajiya, kin yarda da amaryar da ta fito daga cikin kwaɗo, amma mai gyaran inji ce ta fi ƙarfin hankali? Kuma ku ɗin nan ne kuka girma a kan Magana Jari Ce, inda Abubakar Imam tun 1937 ya kwaso labarai daga Grimm da Dare Dubu da Ɗaya, ya sa musu rawani da babbar riga, ya damƙa su a bakin aku. Ban ji wanda ya kai shi ƙara wajen alƙali ba.

A wani wurin ma Meyer ta fi magabatanta tausayin mai karatu. Ɗaya daga cikin 'yan matan gidan, Peony, tana ƙaunar Cinder da gaske, kuma ita ce annoba ta kama. Daga nan ƙiyayyar uwar riƙon ta samu dalili, har ta miƙa Cinder ga likitocin fada su yi gwajin magani a kanta. Tsohuwar tatsuniya ba ta taɓa damuwa ta gaya mana abin da ke cin kishiyar uwa a rai ba.

Yanzu ku matso in ba ku ƙorafin da ya kamata ku kawo tun farko. Sirrin da littafin ke ta ɓoye-ɓoye a kansa, cewa bakanikiyar nan ita ce gimbiyar duniyar wata da ake zaton ta mutu, ko ɗan firamare zai cinka tun ba a yi nisa ba. Mafi ciwo, labarin bai ƙare ba. Ka gama shafi na ƙarshe yarinya tana kurkuku, babu aure, babu ƙurungus, kamar mai tuwo ta ajiye maka malmala ta ce miya sai baɗi. Sai ka nemi Scarlet na 2013, da Cress na 2014, da Winter na 2015 kafin ka ga ƙarshe. Nan kam ina bayanku, an taɓa aljihu.

Wanda ya riga ya sayi na biyun a ɓoye, duk da wannan faɗa da yake yi, don Allah ya ba Hajiya aro.