Yadda Ake Kirsimeti a Ƙasar Auduga Ba Tare da Bishiyar Roba Ta Hana Zumunci Ba

Da Disamba ta kama a Funtua da Malumfashi, buhunan hatsi da ƙurar hunturu tare suke shiga gida. An kwashe masara, ana yankan dawa, masu auduga suna ta cira. A cikin wannan hidima ne gidajen Kirista Hausawa na Kafur da Malumfashi da ƙauyukan kewaye suke shirin Kirsimeti, kuma a 'yan shekarun nan wani baƙo ya kutso cikin lissafi: bishiyar roba mai fitilu masu ƙyaftawa, wadda yara suka gani a Facebook suka ce lallai sai an saya.

Maigidan da aka tsare da wannan roƙo ya fara da sanin asalin baƙon. Al'adar ƙawata bishiya a cikin ɗaki daga Jamus ta fito, ta bazu a Ingila bayan wata jarida ta buga zanen Sarauniya Victoria da iyalanta kewaye da tasu a 1848. Kayan adon da ake kasawa a kasuwa yau kuwa, da yawansu daga garin Yiwu na ƙasar Sin ake lodo su. Farin abin da ake barbaɗa wa reshe kwaikwayon dusar ƙanƙara ne, kuma a nan mutumin Funtua ya fi kowa sa'a, don garinsu tun zamanin Turawa cibiyar auduga ne. Yaro ya tsinko dunƙule biyu a gonar Kawu, an gama da maganar ƙanƙara, ko sisi ba a kashe ba.

In an saya, to, a yi mata wuri a lungu, a kuma sa rai cewa kafin kwana uku hazo zai mayar da koren nan ruwan ƙasa. Kada uwargida ta ɗaura ɗamarar goge ta ganye-ganye alhali tukunya tana kan murhu. Fitilun ma sai yadda wutar lantarki ta ga dama. Man janareta ya fi amfani a cajin wayar da za a kira ɗan da ke aiki a Legas ko Fatakwal wanda bai samu hutu ba, a miƙa wa Kaka ta ji muryarsa, ta tambaye shi ko yana cin abinci.

Mai son ganin hoton haihuwar Yesu ya leƙa bayan gida. Linjilar Luka ta nuna cewa a komin dabbobi aka kwantar da jaririn, makiyaya ne kuma suka fara samun labari. Lokacin da Francis na Assisi ya shirya kwaikwayon wannan dare a ƙauyen Greccio na Italiya a 1223, sa da jaki masu rai ya kawo, da ciyawa. Manomin Kafur yana da shanun huɗa a turke, da harawa a kan rumfa, da jakin da ba ya jiran a roƙe shi kafin ya yi kuka. Jikokin da suka zo daga Kaduna ko Abuja, a kai su can su gani da idonsu.

Kuɗin da ya rage sai a kai shi inda ya dace, wato watanda. Magidanta su haɗa hannu su sayi sa tun kafin farashi ya hau, a kasa nama daidai, kada a manta da kason gwauraye da marayun unguwa. Gidaje da dama suna kiran maƙwabci Musulmi ya yi yankan, domin kwanon da za a aika ya shiga kowane gida a ci da kwanciyar rai. Wannan dabara ta cancanci a riƙe ta da hannu biyu. A yankin nan ana samun dangi ɗaya da wasu ke zuwa masallaci wasu coci, kakansu guda, gonakinsu a jere. Yarinyar da aka ɗora wa tiren shinkafa da miya da cincin ta kai gidan Baffa Alhaji, ita ce za ta karɓo naman layya a gidan in Babbar Salla ta zo. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ranar 25 ga Disamba ƙafar yara ce ta fi shan aiki.

Sai batun ɗinki, wanda ya fi bishiya haddasa kuka. Tela yana da hannu biyu, alkawarinsa kuwa ya kai na mutum hamsin. In anko bai fito ba, a sa na bara a tafi sujada. 'Yan Zumuntar Mata za su rera waƙa, a buga tulu da kacau-kacau, ba kuma wanda zai tsaya duba ko zanen Goggo ya yi daidai da na Inna.

Ba abin mamaki ba ne bikin nan ya yi kama da mutanen da ke yin sa. An kammala fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tun 1932. Cocin ECWA, wadda ta tsiro daga aikin mishan na SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954, kuma da Hausa ake wa'azi da waƙa a majami'unta na karkarar yankin nan. A Disamban 2023 aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan asalin Malumfashi, bishop na farko na sabuwar dayosis ɗin Katolika ta Katsina. Al'ummar da ke da irin wannan saiwa tana da 'yancin yin Kirsimetinta a tsakar gida, kan tabarma, ana jin ɗumin wutar kara.

Akwai kuma abin da ba na raha ba. Matsalar 'yan bindiga a wajen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ta sa wasu iyalai barin ƙauyukansu, wasu sun yi shekaru ba su taru cif ba. Saboda haka mai tahowa gida ya kamo hanya da safe, ya sauka da rana tsaka, coci kuma ta tsara taronta yadda kowa zai koma gida da wuri. Wanda ya iso lafiya, a tarbe shi da ruwa da abinci kafin a tambaye shi tsaraba.

Washegarin Kirsimeti, kafin baƙi su fara haramar komawa, maigida ya tara 'ya'ya da ƙanne a zaure. A nan ake sasanta 'yan'uwan da suka yi watanni ba sa gaisawa kan iyakar gona, a yanke wanda zai biya kuɗin makarantar wane a Janairu, a tsayar da buhu nawa za a bari a rumbu, nawa za a kai kasuwar Dandume. A ƙulla wa kowa guzurin daddawa da kuka da mazarƙwaila, sannan a sa yara su raka su tasha.