Mutanen ranar bizit

Tsohuwar motar da ke jigila tsakanin Safo da Maradi ran Litinin da Juma'a ba kasafai take ƴar uba ɗaya ba. Bodin na Peugeot 504 ne, irin wadda kamfanin Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya riƙa haɗawa da kayan da ake turo masa cikin akwatuna daga Faransa. Injin kuma na Toyota ne da ya sauka a Kwatano, ƙofar baya an ciro ta jikin wata da ta mutu a Jibiya. Ban ga laifin wannan haɗe-haɗe ba, tun fil azal a haɗe aka haife ta. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da za a kai ta bizit, wato gwajin lafiyar mota, domin a ranar ake gane cewa yawancinmu don idon mai dubawa muke gyaran mota, hanya kuwa ta ji da kanta.

Babban shaida shi ne Mai Aro. Daren jajibiri zai bi abokan sana'a ya ari tayoyi huɗu masu zane, da fitilar hagu, da madubi, har da batir in ta kama. Da safe motar ta fito kamar amaryar da aka yi wa aron gwal, ta wuce layi lafiya, kafin la'asar kowa ya zo ya kwance kayansa. Akwai tayar da ta ci jarrabawa a ƙarƙashin motoci da yawa, ita ya kamata a ba takardar. Kusa da shi akwai Mai Tarihi, dattijon da in an ce birkinsa ba ya kamawa sai ya gyara hula ya ce, “Yaro, motar ga ta kai Agadas ba a haife ka ba.” Gaskiya ya faɗa, sai dai ba abin da aka tambaye shi ke nan ba. Birkin hannunsa wani guntun itace ne da karen mota ke dirowa da gudu ya cusa bayan taya, kuma shi a lissafinsa yaron ma yana cikin kayan motar.

Wurin gwajin hayaƙi ake haɗuwa da Mai Ɗora Laifi. Salansa na aman baƙi, ana tari, shi kuwa ya rantse injinsa ƙalau yake, man ruwa-ruwa da ya saya cikin kwalba a bakin hanya ne ya cuce shi. A nan zan ɗan tsaya masa, don gurɓataccen mai yana ɓata inji da gaske. Abin da ba zai faɗa ba shi ne tukunyar tace hayaƙin da ke jikin salansar an daɗe da yanke ta an sayar saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinta, wani lokaci tun kafin motar ta bar Turai. Sai Ɗan Tsakani, wanda bai mallaki ko keke ba amma ya fi kowa sanin ƙofofi. “Alhaji, kawo takardu ka je ka huta,” in ji shi, kuma a hannunsa mota tana iya samun lafiya tana kwance a gareji kan duwatsu. Mai Tawakkali shi ba ya ma zuwa: ya rubuta addu'a a gilashin baya, ya ɗauka ta wadatar da jandarma da gangara baki ɗaya.

Za a ce ina yi wa talaka dariya ne, kuma in aka tsananta, matan Safo da buhunan kayan lambunsu sai su taka a ƙasa. Maganar tana da nauyi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. A 2020 ɗin ne kuma ƙasashen CEDEAO, lokacin Nijar na cikinta, suka amince a daina shigo da ƙaramar motar da ta wuce shekara 5. Wanda ya ɗauko wannan ma'auni ya aza kan 504 ta Safo, tasha zai rufe. Amma wannan hujja shekarun mota da hayaƙinta take karewa, ba ta kai ga birki da taya da fitila ba. Canza inji ya fi ƙarfin direban ƙauye. Takalmin birki da kwan fitila kuwa ba su kai abin da Ɗan Tsakani ke karɓa haɗe da goron masu ba da aro ba. Talakan da ake cewa a tausaya wa ba shi ke riƙe da sitiyari ba, yana can baya a matse tsakanin buhun gero da akuya, ya biya kuɗin mota cif, kuma tayoyin da suka ci jarrabawa tun jiya aka mayar wa masu su.